Laburare Yana Nan, Kwamfuta Ta Ce Babu: Yadda Ake Gano Bakin Zaren

(Taken shiri)

Shirin na yau na masu koyon rubuta manhajar kwamfuta ne, ɗalibai da kuma masu koya wa kansu a gida. Wanda ke da takarda da biro ya jawo su kusa, domin akwai haruffan da za mu ambata waɗanda kunne kaɗai ba zai riƙe su ba.

Matsalar da za mu tattauna a kanta ta sha hana masu koyo barci. Mutum ya rubuta aikinsa, ko ya sauko da na wasu daga intanet, ya ba da umarnin a gina manhajar, sai allo ya cika da ƙorafi, wai ba a ga laburare kaza ba. Ya buɗe folda ya duba, ga abin nan kwance. Daga nan sai zargi ya koma kan kwamfutar, a goge komai a sake saukewa, data ta ƙare, matsala kuwa tana nan daram.

Za mu ɗauki misalanmu daga yarukan da ake gina manhaja a cikinsu bisa tsarin fankishin, irin wanda aka sani a darasin lissafi: ka ba shi abu, ya mayar maka da amsa, ba tare da ya taɓa wani abu a gefe ba. Fitacce a cikinsu shi ne Haskell. Wani kwamitin masana da aka kafa a taron birnin Portland na Amurka a 1987 ne ya tsara shi, aka fitar da bayaninsa na farko a 1990, aka kuma raɗa masa sunan masanin lissafin nan Haskell Curry. Manhajar da ke juya rubutun Haskell zuwa abin da na'ura ke ganewa, wato kwamfaila, ita ce GHC, wadda aka faro a Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya. Kusa da ƙarshen shirin kuma za mu leƙa OCaml, wanda cibiyar bincike ta INRIA a Faransa ta fitar a 1996.

Mene ne laburare a nan? Rubutun kod ne da wasu suka riga suka yi, suka tattara, domin kada kowa ya faro daga tushe. Mai son matse fayil ya ƙanƙance, ko mai son magana da rumbun bayanai, ba sai ya ƙirƙiro hanyar da kansa ba, sai ya ɗauko laburaren da ke yin wannan aiki.

To, ga abin da nake so ku riƙe a yau, ko da kun manta da sauran. Kwamfaila ba ta yawo a cikin kwamfuta tana neman fayil. Tana da jerin wuraren da aka faɗa mata, su kaɗai take dubawa. Kamar yaro ɗan aike ne da aka yi wa kwatance: ka bi layin masallaci, gida na uku. Idan mutumin ya tashi ya koma layin baya, yaron zai dawo ya ce bai same shi ba, kuma bai yi ƙarya ba. Saboda haka duk lokacin da kwamfuta ta ce babu, tambayar da ta dace ita ce: a ina ta duba?

Abu na biyu, masu neman ba ɗaya ba ne. Su uku ne, kowanne da jerin wurarensa. Na farko kwamfailar kanta, tana neman sassan rubutun Haskell. Na biyu kayan aikin yaren C, waɗanda ake kira idan laburaren ya dogara da wani da aka rubuta da C. Na uku babbar manhajar kwamfutar, wadda ke neman laburare a daidai lokacin da aka kunna manhajar da aka gama ginawa. Yawancin wahalar da ake sha tana zuwa ne daga gyara jerin wani alhali wani ne ke kuka.

Mu fara da na farko. Saƙonsa da Turanci yake fitowa, yana cewa “Could not find module”, ma'ana ba a ga wani modul ba. Modul shi ne fayil guda na rubutun Haskell mai sunansa. Da kun ga wannan saƙo, ku tambayi kanku: modul ɗin nawa ne, ko na wasu ne?

Idan naku ne, ku san cewa a Haskell sunan modul shi ne adireshinsa. Kowane ɗigo a cikin sunan yana nufin a shiga folda. Modul mai suna Kasuwa ɗigo Farashi, dole a same shi a fayil mai suna Farashi.hs, a cikin folda mai suna Kasuwa. Daga ina ake fara ƙirga wannan hanya? Idan ba a faɗa mata komai ba, GHC daga foldar da kuke tsaye a ciki take farawa. Idan kun zuba rubutunku a cikin folda mai suna src, kamar yadda aka saba, sai kun sanar da ita. Mai kiran GHC kai tsaye zai rubuta karan ɗori, ƙaramin harafin i, sannan sunan foldar a manne, ba tazara. Mai amfani da Cabal, wato manhajar da ke kula da ginin ayyukan Haskell, zai buɗe fayil ɗin aikinsa mai ƙarewa da ɗigo cabal, ya duba layin hs-source-dirs.

Akwai wani tarko a nan. Linux yana bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Windows da Mac kuwa a yadda suke zuwa ba su damu ba. Don haka fayil ɗin da aka fara sunansa da ƙaramin harafi zai iya wucewa lafiya a kwamfutar abokinku, ya zo taku mai Ubuntu a ce ba a gan shi ba. Kafin ku taɓa komai, ku gwada sunan harafi da harafi.

Idan kuwa modul ɗin na wasu ne, ku karanta layin da ke biye. Sau da yawa za ku ga kalmomin “hidden package”, wato abin yana cikin wani ƙunshi da aka ɓoye. Ku ɗauki Data.Map a misali. Yana cikin ƙunshin containers, wanda ke zuwa tare da GHC tun ranar da aka girka ta. Idan kuka kira GHC kai tsaye za ta gan shi. Amma da kun ce Cabal ta gina aikin, sai a ce a ɓoye yake. Dalili shi ne Cabal da gangan take rufe dukkan ƙunshe-ƙunshe, sannan ta buɗe waɗanda kuka lissafa a layin build-depends kawai. Ba mugunta ba ce. Tana so ne duk abin da aikinku ya dogara da shi ya kasance a rubuce, domin wanda zai gina shi gobe a wata kwamfutar ya san abin da zai tanada. Maganin layi ɗaya ne: ku ƙara sunan ƙunshin.

Sai dai ku kula da inda kuka ƙara shi. Fayil ɗin Cabal yakan kasu gida-gida: ɓangaren laburare, ɓangaren manhajar da ake kunnawa, da ɓangaren gwaji, kowanne da nasa build-depends. Mutum zai sa suna a ɓangare ɗaya, alhali fayil ɗin da ke kuka na wani ɓangaren ne. Masu amfani da Stack kuma, wata manhajar gini irin Cabal wadda ta fito a 2015, idan aikinku yana da fayil mai suna package.yaml, a can za ku rubuta, domin daga shi ake samar da fayil ɗin Cabal.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: kowace sigar GHC da nata rumbun. Wanda ya girka siga biyu ko uku ta hanyar ghcup, manhajar girka GHC, ya sani cewa abin da aka gina wa wannan siga, waccan ba ta ganinsa. Ku tambayi kwamfutar wace siga ke aiki yanzu, sannan ku ba da umarnin ghc-pkg list, zai jero muku abin da ke rumbunta da kuma inda rumbun yake.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna bayani ne kan abin da ke sa kwamfuta ta ce ba ta ga laburare ba yayin gina manhaja. Mun gama da mai nema na farko. Yanzu sai na biyu, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Yawancin manyan laburare na duniya da yaren C aka rubuta su. Akwai zlib, mai matse bayanai, wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995. Akwai GMP mai lissafi da manyan lambobi, akwai libpq mai magana da rumbun bayanai na PostgreSQL. Ƙunshin Haskell mai suna zlib bai sake rubuta aikin ba, gada ce kawai zuwa ga na C. Cabal za ta sauko muku da gadar daga rumbun Hackage, amma a Linux ta saba sa ran na C ɗin yana cikin kwamfutarku tun da farko.

Laburaren C kashi biyu ne a wajen mai gini. Akwai fayil ɗin heda, mai ƙarewa da ɗigo h, wanda ke bayyana sunayen ayyukan da ke ciki da irin abin da kowanne ke karɓa. Akwai kuma gangar jikin laburaren, wanda aka riga aka juya zuwa yaren na'ura, mai ƙarewa da ɗigo so a Linux, ɗigo dylib a Mac, ɗigo dll a Windows. Wurin ajiyarsu daban, jerin nemansu daban, saƙon rashinsu ma daban. Idan Cabal ta ambaci “header file”, heda ce ba ta gani ba. Idan ta ambaci “C library”, ko kuma can ƙarshen gini aka ce “cannot find” sannan karan ɗori da ƙaramin l da wani suna, gangar jikin ce.

A nan ne mutane da yawa ke rantsuwa cewa sun girka abin. Gaskiyarsu, amma rabi suka girka. Debian da Ubuntu suna raba kowane laburare gida biyu. Akwai na masu amfani kawai, kamar zlib1g, wanda kusan kowace kwamfuta ke da shi. Akwai na masu gini, mai ƙarewa da dev, wato zlib1g-dev, kuma a cikinsa ne heda take, tare da sunan da ake nema lokacin haɗa sassan manhajar. A Fedora ƙarshen sunan devel ne. Haka abin yake ga GMP: GHC tana dogara da shi wajen lissafin manyan lambobi, shi ya sa wanda bai girka libgmp-dev ba zai iya kasa gina ko da manhaja mai layi biyu. Saboda haka kafin ku shiga gyaran hanyoyi, ku tabbatar ɓangaren dev yana nan. Mafi yawan lokuta a nan maganar ke ƙarewa.

Ku kuma san yadda ake taƙaita suna. Fayil mai suna libz.so, wajen kira ana cire lib na farko da ɗigo so na ƙarshe, sai a bar z kaɗai. Don haka idan aka ce ba a ga laburare z ba, zlib ake nufi.

Idan heda da gangar jikin duk suna nan amma a wani wuri na daban fa? Wannan ya zama ruwan dare ga masu Mac tun 2020, lokacin da Apple ya fara sa nasa injin a kwamfutocinsa. A tsofaffin masu injin Intel, manhajar Homebrew tana ajiye kaya a /usr/local, inda kwamfailar C ta saba dubawa. A sababbin kuwa ta koma /opt/homebrew, wurin da ba ya cikin jerin. Sai an faɗa. Cabal tana da saiti biyu don wannan: extra-include-dirs na foldar heda, da extra-lib-dirs na foldar gangar jiki. Ku ba kowanne tasa. Wanda ya ba da ɗaya ya bar ɗaya, saƙon kuskure zai canza kawai, an gudu ba a tsira ba.

Shawarata, irin wannan hanya da ta shafi kwamfutarku ku kaɗai, kada ku rubuta ta a fayil ɗin da kowa ke amfani da shi. Ku sa ta a cabal.project.local, wanda aka tanada don saitin mutum ɗaya. Idan kuka cusa ta a babban fayil, kun warke kun jefa abokan aikinku cikin ciwon.

Akwai kuma hanya mafi tsafta, wato pkg-config. Laburare da yawa suna zuwa da ɗan fayil mai ƙarewa da ɗigo pc, wanda ke faɗin inda hedarsu da gangar jikinsu suke. Ku kira pkg-config da sunan laburaren ku nemi ta nuna muku hanyoyinsa. Idan ta amsa, madalla. Idan ta ce ba ta san shi ba, to ita ma tana da nata jerin, ana ƙara masa wuri ta PKG_CONFIG_PATH, duka da manyan haruffa.

Yanzu ku gyara riƙon biro, ga haruffa huɗu da ke rikita har ƙwararru. A GHC, ƙaramin i na foldar modul ɗin Haskell ne. Babban I na foldar hedar C ne. Babban L na foldar gangar jikin laburare ne. Ƙaramin l kuma na sunan laburaren ne shi kansa. A allo, babban I da ƙaramin l kusan kamarsu ɗaya, don haka mai kwafo umarni daga hoto ko bidiyo ya buɗe ido.

Wani abin lura kuma, saƙon Cabal cewa yake yi abin ya ɓata ko kuma ya lalace. Ta faɗi haka ne domin gwajin da take yi shi ne gina wata 'yar manhajar C da laburaren. Gwajin zai iya faɗuwa ko da fayil ɗin yana nan: wataƙila hedar tana kiran wata hedar da babu, ko kuma an gina laburaren don injin Intel alhali kwamfutar mai injin Apple ce. Ku sake ba da umarnin tare da karan ɗori, v, da lamba 3. Rubutu zai zubo da yawa, amma a cikinsa za ku ga ainihin umarnin da aka ba kwamfailar C, da wuraren da aka ce ta duba, da abin da ta amsa. Ku nemi kuskure na farko. Na ƙarshe galibi 'ya'yansa ne.

(Ɗan kiɗa)

Mai nema na uku ba ya tashi sai gini ya kammala. Kun kunna manhajar, ko kun kai ta wata kwamfutar, sai Linux ya ce “error while loading shared libraries”. Dalili shi ne GHC a bisa al'ada tana ɗinke sassan Haskell a cikin manhajar, amma na C suna kawai take rubutawa, sai lokacin aiki a nemo su. Wuraren da kuka nuna lokacin gini ba lallai ne wannan mai nema ya san da su ba. Umarnin ldd da sunan manhajar zai jero duk laburaren da take buƙata, ya nuna wanda ba a samu ba. A Mac, otool ne ke jero su. Idan kun zuba sabon laburare a /usr/local/lib, ku kira ldconfig ya sabunta jerinsa. LD_LIBRARY_PATH yana da amfani wajen gwaji na ɗan lokaci, amma kada ya zama mazauni, domin yana shafar duk manhajar da aka kunna a ƙarƙashinsa. A Windows kuwa ana duba foldar da manhajar take, da wuraren da ke cikin PATH.

Masu OCaml, ba mu manta da ku ba. Naku saƙon shi ne “Unbound module”. A wajenku babban I ne ke nuna foldar modul, saɓanin Haskell, kuma idan aka sa alamar tarawa a gaban sunan folda, ana nufin a ƙirga daga inda laburaren OCaml na asali yake. Tun daga siga ta 5.0 da ta fito a 2022, an mayar da laburare irin su unix da str cikin foldojinsu na kansu, shi ya sa tsofaffin umarni ke jawo gargaɗi. Mafi sauƙi ku bar wa ocamlfind ko dune aikin nemo hanyoyi: a dune, ku rubuta sunan a layin libraries. Sannan abin da ya fi kama sababbin shiga: sun girka ƙunshi da opam, manhajar girka ƙunshe-ƙunshen OCaml, amma tagar umarnin da suke ciki ba ta san da muhallin opam ba, ko tana kallon wata siga daban. Ku loda saitin da opam env ke bayarwa, sannan ku gwada ocamlfind list ku ga ko sunan ya fito. Mai haɗa fayiloli da hannu kuma ya tuna cewa a OCaml jeri yana da muhimmanci: wanda ake dogara da shi ne ke zuwa gaba.

Kafin mu rufe, ga abubuwa uku da nake roƙon ku guje musu. Kada ku kwafi heda da hannu ku jefa a /usr/include. Yau zai yi aiki, ranar da aka sabunta laburaren sai heda ta zama ta wata siga, gangar jiki ta wata, a samu kuskuren da ya fi na farko wuyar ganowa. Kada ku riƙa sa sudo a gaban Cabal ko opam don kawai abu ya ƙi, domin zai bar muku fayilolin da ku kanku ba ku da ikon taɓawa. Kada kuma ku canza abu biyar a lokaci guda. Ku canza ɗaya, ku gina, ku karanta. Idan saƙon ya sauya, ci gaba ne, ko da bai ƙare ba.

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da ladabi. Idan za ku nemi taimakon malami ko wani wanda ya riga ku, ku kai masa abubuwa huɗu: irin babbar manhajar da ke kwamfutarku, sigar kwamfailarku, ainihin umarnin da kuka bayar, da saƙon kuskuren cikakke tun daga layinsa na farko. Da waɗannan, mai ilmi zai gane wane ne ke kuka cikin ukun nan tun kafin ya gama karantawa.

Ga aikin gida. Ku ɗauki ƙaramin aikin da ke ginuwa lafiya, ku cire suna ɗaya daga build-depends da gangan, ku gina, ku karanta abin da aka ce. Ku mayar da shi, sannan ku canza sunan foldar src ku sake ginawa. Wanda ya ga waɗannan saƙonni cikin natsuwa, ranar da suka zo masa ana gobe miƙa aiki ba zai firgita ba.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba abin da ke faruwa idan ƙunshi biyu suka buƙaci siga daban-daban ta laburare ɗaya, da yadda Cabal ke sasanta su. Da haka muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Taken shiri)